Bargon ƙyallaye: yadda nake haɗa shi a gida da yadda nake zaɓen launi

Wanda bai taɓa kwana a Ngaundare a watan Disamba ba yakan ɗauka duk arewacin Kamaru zafi ne irin na Garwa. Mu nan a kan tudu muke, sama da mita 1,000 daga teku, kuma idan hunturu ya kankama sanyin asuba har ƙashi yake shiga. Shekarar da aka kawo ni garin nan amarya daga Garwa, akwatina cike yake da zannuwa da mayafai, amma babu abin rufa mai kauri ko ɗaya. Goggon maigidana, wadda duk gidan ke kira Hajja, ita ta gan ni ina rawar ɗari wajen alwala. Ta shiga ɗaki ta fito da wani bargo mai nauyi, fuskarsa duk ƙananan ƙyallayen atamfa ne a jere. Na ce, "Hajja, a wace kasuwa ake samun irin wannan?" Ta ce, "Ba na kasuwa ba ne, 'yata. Zama ake yi a yi shi." A hannunta na koya, kuma yau shekara 23 ke nan ban zubar da ƙyallen da ya kai tafin hannu ba.

Matan da ke zuwa koyo wurina kusan tambayarsu ɗaya ce: wane launi ne ke tafiya da wane? Zan zo kan wannan, don nan ne maganar take da tsawo. Amma sai an sami ƙyalle na kirki kafin a yi zancen launinsa.

Ƙyallen farko daga ɗakinki zai fito: ragowar ɗinkin Sallah, ɗankwalin da kika daina ɗaurawa, ankon bikin da aka sa sau ɗaya aka ajiye, zanen Ranar Mata ta 8 ga Maris na shekarun baya, da tsohon zanen da tsakiyarsa ta mutu amma gefunansa na nan da ƙarfi. Irin wannan ki ɗaga shi ga rana, duk inda haske ke ratsawa ki yanke ki fitar. Na gida kaɗai ba ya isa, dole sai an je wurin tela. Kada ki je masa a goman ƙarshe na azumi, lokacin ko barci ba ya samu. Ni tun watan Sha'aban nake kai wa telana buhu, in ce ya riƙa zubawa, sai bayan Sallah da mako guda in aika a ɗauko.

Akwai haƙƙi a nan, kada a raina shi. Ragowar yadi na mai kaya ne, ba na tela ba ne. Wata tana son a mayar mata da ragowarta ta yi wa 'yarta ɗankwali, wata kuma sam ba ta yarda ƙyallen jikinta ya faɗa hannun wanda ba ta sani ba, kuma ba ruwanki da dalilinta. Shi ya sa nake ce masa, "Malam, wanda masu shi suka yafe kaɗai za ka zuba mini." Haka tufafin mamaci. Mutum yakan so ya haɗa zannuwan mahaifiyarsa wuri ɗaya ya riƙa rufa da su, ni ma na yi, amma sai da aka raba gado kowa ya san nasa. Sannan duk ƙyallen da ke da aya, ko sunan Allah, ko na Manzon Allah (SAW), ba ya shiga bargo, domin abu ne da za a zauna a kai, a taka, yaro ma ya yi fitsari a kai. Zanen siyasa mai hoton mutane kuwa nakan yanka gefe-gefe in bar fuskokin.

Idan buhu ya iso, ki zazzage shi a tsakar gida ki fara da hannu kafin ido. Abin da kike nema auduga ce, kuma mai kauri kusan ɗaya. Leshi, da mai santsi, da mai talewa kamar roba, da yadin wando mai kauri, duk ki tura gefe. Idan kika ɗinka mai nauyi jikin mara nauyi, mai nauyin ne zai ci ɗan'uwansa, bayan wanki biyar sai ɗinkin ya ɓarke daga ɓangaren mai laushin. Yanzu atamfa da yawa a kasuwa roba ce aka buga wa zane, ido ba ya rarrabewa. Ashana ce ke rarrabewa. Ki yanki ɗan ƙarami ki riƙe da bakin almakashi ki kunna masa wuta a waje, kusa da ruwa. Auduga takan ci da sauri, ta yi warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Roba kuwa narkewa take yi, ta dunƙule ta yi tauri, da warin leda. Tsofaffin zannuwan CICAM da na zo da su daga gida, kamfanin nan da aka kafa a 1965 wanda a lokacin a Garwa yake saƙa, a Duwala kuma yake bugun zanen, duk lokacin da na gwada su toka suke bari. Ban ce mai roba ba shi da amfani ba. Ki tara shi daban ki yi shimfiɗar ƙofa ko jakar makarantar allo, amma kada ya shiga tsakanin auduga, don ba ya shan guga irin nata, kuma ba ya tsukewa tare da ita.

Daga nan sai wanki, kuma kowane ƙyalle sai ya sha ruwa kafin almakashi ya taɓa shi. Sabuwar auduga takan ɗan tsuke a wankin farko, tsohuwa kuma ta riga ta gama tsukewa, idan aka haɗa su ba wanki sai bargon ya tattare wuri-wuri. Ga kuma zuba. Bargona na biyu na yi shi ne don haihuwar ɗan yayata, na sa wata jar shadda mai kyau tsakanin farare ba tare da na jiƙa ta ba. Wankin farko ta zuba, fararen nan duk suka koma ruwan hoda mai datti, aikin wata biyu. Na yi kuka ranar. Tun daga nan duk ja, da baƙi, da shuɗi mai duhu, da duk wani rini na baba ko shaddar da aka rina da hannu, nakan jiƙa su daban a ruwan ɗumi tare da ɗan farin ƙyalle. Idan farin ya fito da launi, in sake ruwa. Wanda ya kai ruwa na uku bai daina ba, ya fita daga aikin. Ana cewa gishiri na tsayar da zuba, ni dai na gwada sau da yawa bai tsayar mini ba. Bayan sun bushe a goge su duka, ƙyalle mai tamoji ba ya yankuwa daidai.

To, launi.

Hajja, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa ware ƙyalle da sunan launinsa ba. Ba ta cewa ga ja nan, ga kore can. Kashi uku take yi a kan tabarma: masu duhu, masu haske, da na tsakani. Na daɗe ban gane hikimar ba, sai da na yi wani bargo na kaina wanda na zaɓi atamfofin da na fi so zalla, kowacce abar kallo ce, amma da na shimfiɗa shi a gado sai ya zama hayaniya kawai, ido ya rasa inda zai sauka. Hajja ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Dukkansu magana suke yi, 'yata, ba mai saurare." Abin da take nufi shi ne wanda ya shigo ɗaki ba launi yake fara gani ba, duhu da haske yake fara gani. Ja mai ƙarfi da kore shar sunansu daban, amma nauyinsu a ido ɗaya ne, daga nesa sai su cuɗe. Amma ki ɗauki shuɗi mai duhu ki ajiye kusa da ruwan madara, ko daga zaure za a ga iyakar kowanne. Idan kika daidaita duhu da haske, kusan kowane launi zai zauna da kowane. Idan ba ki daidaita ba, ko atamfar Holan kika yanka ba za ta yi kyau ba.

Yadda take gwadawa shi ne ta jera ƙyallayen, ta ja da baya taku biyar ko shida, ta ɗan runtse ido har zanen ya dushe. Wanda ya nutse mai duhu ne, wanda ya taso mai haske ne. 'Yata ce ta nuna mini hanyar zamani: a ɗauki hoto da waya a mai da shi baƙi da fari. Nan take gaskiya ke fitowa. Za ki ga ruwan ɗorawa da kike ɗauka mai ƙarfi ne ya koma kusan fari, ja wur kuma ya koma toka mai duhu. Ina amfani da duka biyun.

Da zarar kin yi wannan rabon za ki ga matsalar atamfa: kashin tsakani ya yi tsibi, na duhu da na haske ɗan kaɗan. Haka atamfarmu take, an yi ta ne don ta yi fice ita kaɗai a jikin mace. Maganin yana shagon telan maza. Can ne ake samun ragowar yadi da shadda marasa zane: fari, ruwan madara, ruwan toka, ruwan ƙasa, sararin samaniya, shuɗi mai duhu, makuba. Su ne masu sauraren da Hajja ke faɗa. Sai dai yadin maza ya fi yawan roba, don haka kada ki manta da ashana, kuma shadda sai an wanke ta sitatin ya fita ta yi laushi. Tsohuwar rigar maigida ta auduga, idan ya ba ki, bayanta kaɗai zai ba ki gidaje da yawa, wato ƙananan yankan da ake jerawa su zama fuskar bargo.

Idan kin rasa ta inda za ki fara, ki ɗauko atamfa ɗaya da ranki ke so, ki mai da ita uwa. Wanda ya zana ta ya riga ya yi miki aikin haɗa launi. Ki ƙirga launukan da ke cikinta, yawanci uku ne ko huɗu, ki lura da wanda ya fi yawa da wanda aka ɗiga kaɗan, sai ki tsinto ƙyallayen da ke da dangantaka da su. Bargon da na yi wa 'yata ta tafi da shi jami'ar Ngaundare da ke Dang, uwarsa wata atamfa ce mai shuɗi da ruwan goro da ɗigon fari. Na tattaro duk wani shuɗi da nake da shi, daga ruwan bula har mai kama da baƙi, ban damu su zama iri ɗaya ba, bambancin ma shi ne daɗin. A cikin kowane gida goma, shida dangin shuɗi ne, uku ruwan madara da ruwan toka, ɗaya tak ruwan goro. Wannan ɗayan nake kira gishiri. Shi ke tada bargon, amma idan ya yi yawa ya ɓata miya. Ja, ruwan goro da ruwan ɗorawa su ne suka fi dacewa da wannan aiki, don tasowa suke yi su tari ido, shuɗi da kore da shunayya kuwa komawa baya suke yi.

Wani abu da ya shafe mu 'yan Kamaru: kore, ja da ruwan ɗorawa idan suka haɗu daidai wa daida, kowa tuta zai gani. Idan na bikin ranar ƙasa na 20 ga Mayu ne ko na yaro mai son ƙwallo, madalla. Idan na ɗakin amarya ne, ki rage biyu ki bar ɗaya ya yi rinjaye. 'Yan'uwanmu na Cadi su ma haka za su gani da shuɗi da ruwan ɗorawa da ja.

Girman zane ma yana da tasiri. Atamfa mai manyan furanni idan aka yanka ta ƙanana, wani gidan zai fito da duhu, wani da haske, saboda haka bayan yanka sai an sake rabo. Kada manyan zane biyu su yi maƙwabtaka, ki raba su da mara zane ko mai ƙananan ɗigo. Ƙyallen da kike ganin ba shi da kyau kada ki yar, ki yanka shi ƙanana, zanensa zai ɓace launinsa ya rage, kuma sau da yawa irinsu ne ke cike gurbin da masu kyau suka kasa. Fari tas kuma ina ba da shawarar a rage shi. Ƙasar Ngaundare ja ce, ƙurar hunturu ba ta barin fari, wata uku ya koma wani abu. Ruwan madara da ruwan toka mai haske suna yin aikin fari kuma suna ɓoye ƙura. A ƙarshe, kada ki yanke hukunci kan launi da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Da hantsi, a inuwa, nan ne launi ke faɗin gaskiya.

Yanzu yanka. Mai farawa ta tsaya kan gida mai kusurwa huɗu, duk girma ɗaya. Ma'aunina santimita 12 ne kowane gefe. Ɗinki zai ci santimita 1 ta kowane ɓangare, sai gida ya rage santimita 10, lissafi ya zo da sauƙi. Na jariri, 80 da 100, gida 8 a layi 10 ke nan, wato 80. Na babban mutum, 150 da 200, gida 15 a layi 20, wato 300. Idan 300 ya yi miki yawa, ki yi 13 a layi 18, gida 234, sai ki zagaye da yadi mara zane mai faɗin santimita 10 bayan ɗinki, girman ya koma daidai. Ina roƙonki ki fara da na jariri. Wadda ta fara da babba takan gaji a tsakiya ta cusa shi a ƙarƙashin gado.

Ma'aunin da ake ɗorawa a kan ƙyalle a zana gida, idan na kwali ne bakinsa na cinyewa, bayan gida hamsin ya ragu ba ki sani ba. Ni gefen tsohuwar jarka na yanka, har yau yana nan. Ki ɗora shi a bayan ƙyalle ya bi tsayin zaren saƙar, kada ya karkace, don abin da aka yanka a karkace talewa yake yi. Ki zana da fensir a kan mai haske, a kan mai duhu kuma da siririn guntun sabulu, ya fi alli fita kuma wanki ɗaya ya tafi. Almakashin yadi kada ya taɓa takarda, ki ɓoye shi daga yara. Kada ki ce milimita biyu ba komai ba ne. Idan kowane gida ya gaza da milimita 2, a layi mai gida 15 kin rasa santimita 3, kuma layi na gaba ba zai haɗu da shi ba.

Kafin allura ta shiga, ki share ɗaki ki shimfiɗa babban zanen gado ki jera gidajen duka a kai. Jeri mafi sauƙi shi ne na dara: duhu, haske, duhu, haske, layi na biyu ya fara da haske. Za ki iya kuma jera su a karkace kamar matakala, ko ki tara masu haske a tsakiya duhu ya riƙa ƙaruwa zuwa baki. Ki watsa gishirin ko'ina, kada ya taru a kusurwa ɗaya. Ni nakan bar jerin ya kwana in rufe ɗakin, da safe in shigo da sabon ido, kuma ban taɓa shigowa ban sauya wa gida biyar ko shida wuri ba. Idan ya kwanta miki, ki ɗauki hotonsa, sannan ki tattara kowane layi daga hagu zuwa dama, ki maƙala masa takarda mai lamba da fil.

A kan keke, ko Butterfly ne ko Singer na ƙafa, ki auna santimita 1 daga allura zuwa dama ki manna salatif a kan farantin, bakin ƙyalle ya riƙa bin sa. Allura lamba 14 ta ishi atamfa. Zare ruwan toka ya fi kowanne ɓacewa a cikin launuka masu yawa. Ki haɗa gida biyu fuska da fuska ki ɗinka, kada ki yanke zare, ki tura biyu na gaba, su fito a jere kamar tutocin Mauludi, daga baya ki rarraba. Biyu-biyu su zama huɗu-huɗu, har layi ya cika. Wadda ba ta da keke ta yi da hannu, Hajja duk nata da hannu ta yi: ƙananan ɗinki a kan layin fensir, bayan kowane huɗu ko biyar a koma baya sau ɗaya don ya kulle.

Guga a nan rabin aiki ce. Layi na ɗaya ki kwantar da duk bakin ɗinkinsa zuwa dama, na biyu zuwa hagu, na uku dama. Idan kika zo haɗa layi da layi, sai mahaɗan su shige juna su zauna daram, kusurwoyi huɗu su haɗu a wuri ɗaya ba tudu. Ki sa fil a kowace mahaɗa kafin ki hau keke. Dutsen guga ɗorawa ake yi a ɗaga, ba a jan sa, ja yana tale gida. Idan na gawayi ne ki goge gindinsa ki rufe shi da kyau, tartsatsi ɗaya ya isa ya huda aikin mako guda.

Sirara da dogayen ƙyallaye, waɗanda ba su kai santimita 12 ba, su ma suna da hanya, kuma ita na fi so. Ki yanki tsohon zane mara nauyi gida-gida, santimita 22, ya zama gindi. Ki ɗora ɗan jan ƙyalle a tsakiya, ki ɗora siriri a kansa fuska da fuska, ki ɗinke, ki buɗe, ki danne da guga, ki juya gindin ki ɗora na gaba, kina zagayawa har ya rufe. Gefe biyu masu haske, gefe biyu masu duhu. A Amurka wannan tsari tsoho ne, kuma sukan ce jan tsakiyar murhun gida ne. Idan kika haɗa irin waɗannan gidaje, yadda kika juya su haka zane zai fito, ko matakala ko manyan lu'ulu'u, kuma duk daga duhu da haske ne. Haɗa ƙanana su zama babba ba baƙon abu ba ne wurinmu, gwado da luru na kakanninmu ai ƙwarya-ƙwarya masaƙi ke saƙa su a ɗinke.

Fuska ta kammala, saura ciki da shafi. Abin da za ki sa a ciki ya danganta da garinku. Mu nan tsohon bargo mara nauyi da aka wanke ya fi, ko na gwanjo. 'Yan Garwa da Marwa da Kusiri, inda sanyin ɗan lokaci ne, tsofaffin zannuwa biyu sun isa, kamar yadda matan Bangaladash da gabashin Indiya ke jera tsofaffin tufafinsu su bi su da ƙananan ɗinki. Ɗanyar auduga tana ba da sha'awa, musamman lokacin kaka da ake ganin motocin kamfanin auduga na SODECOTON sun yi lodi, amma ko an gurje ta an shiɓe, wanki kan sa ta dunƙule a kusurwa sai fa idan an yi mata ɗinki kusa-kusa ƙwarai. Soso kuma ba na sa shi, yana sa gumi, kuma da ya kwana biyu sai ya marmashe. Shafi na babban bargo, turmin atamfa guda, yadi 6, ya isa: ki yanki tsayi biyu na santimita 210 ki haɗa su gefe da gefe, ki rage faɗin ya zama 160, ragowar ta yi miki baki. Ki zaɓi mai zane da ɗan duhu, yana ɓoye ɗinkin da bai miƙe ba.

Shimfiɗawa aikin mutum biyu ne, nakan kira maƙwabciyata, "Adda, zo ki kama mini." Shafi a ƙasa fuskarsa na kallon ƙasa, a miƙe shi a danne kusurwoyi da duwatsu ko tukwane, ciki a kansa, fuska a sama. Ciki da shafi su zarce fuska da santimita 5 ta kowane gefe, don aikin yana jan su. Ki lallashe da tafin hannu daga tsakiya zuwa baki, sannan ki kama duka ukun da manyan ɗinki na wucin gadi da farin zare, daga tsakiya zuwa waje, tazarar tafin hannu.

Ɗinkin da zai riƙe su har abada iri biyu ne. Mai sauri shi ne ƙulli: da babbar allura da zare mai kauri irin na hula, a kowace mahaɗa ki soka ƙasa ki fito, ki sake, ki ƙulla sau biyu ki bar ɗan gashi. Yini ɗaya ya isa. Amma na jariri ba na yi masa ƙulli, don yaro na tsinka ya kai baki. Mai daɗewa shi ne ɗinkin hannu a miƙe, layi-layi, ko ta tsakiyar gidaje daga kusurwa zuwa kusurwa, kada tazarar ta wuce santimita 10. Kullum daga tsakiya ake farawa a nufi baki, in ba haka ba yadi zai taru ya yi ƙunci a tsakiya. Ki ɗaura wa yatsarki ɗan fata. Ni bayan la'asar nake zama in yi layi biyu ko uku, babban bargo yakan ɗauke ni wajen wata guda. Keken gida yana iya na jariri, amma babba yakan tattare a ƙarƙashin ƙafar keken.

Baki shi ne ke fara mutuwa, don haka ninki biyu ake yi masa. Ki daidaita gefuna da almakashi. Zagayen babban bargo mita 7 ne, sai ki yanki tsiri 7 masu faɗin santimita 6 daga faɗin atamfa, ki haɗa su su zama ɗaya, ki ninka biyu ta tsawo ki goge. Ki ɗinka shi ta fuska da keke, ki juya shi baya ki kalmashe da hannu. Launin baki ya zama mai duhu, shi ke tsare ido kada ya zube waje, kuma nan ne hannu ke yawan kamawa. Sai ki zare ɗinkin wucin gadi.

Wanki da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, a babban baho, a tattaka da ƙafa, kada a murɗe. A shanya shi a kan igiya biyu don nauyin ruwa kada ya tsinka ɗinki, shafi a sama fuska a ƙasa, saboda rana na cin launi. A nan damina doguwa ce, tun daga Afrilu har Oktoba, don haka nake wanke nawa a watan Maris su bushe ƙayau kafin in ajiye. Kada ki sa shi a leda, zai yi fumfuna. Ki naɗe shi cikin tsohon zane ki ɗora a kan sif, kuma duk ranar da rana ta buɗe a tsakiyar damina ki fito da shi ya sha iska. Idan gida ɗaya ya mutu, ki yanki sabo mai nauyin launi irin nasa, ki kalmashe bakinsa ki ɗora a kai da hannu. Bargon da Hajja ta ba ni ranar nan na yi masa haka sau goma sha ɗaya, kuma shi ne autana ke rufa da shi bana.